Yadda Ake Riƙe Tsohuwar Motar Amurka Mai Babban Inji Shekara da Shekaru: Misalin Chevelle ta 1970

Tambayar ta yi ta maimaituwa, yawanci daga 'yan'uwa mazauna Amurka, jefi-jefi kuma daga gida. Mutum ya ga ɗaya daga cikin motocin nan na ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon na 1970, su Pontiac GTO da Dodge Charger da Chevrolet Chevelle, ya ji ƙugin injin V8, ransa ya biya. Sai ya aiko: in na saya, yaya zan riƙe ta shekara goma ko ashirin ba tare da ta tsotse ni ba, ko ta ƙare a bayan gida ƙarƙashin tamfol?

Zan yi misali da Chevelle ta 1970, don kayan gyaranta a wadace suke, kuma a kanta aka fi yi wa masu saye sakiyar da ba ruwa. Mai Mustang ko Charger zai tsinci kusan duk abin da yake nema a nan, ko da yake lambobi da wasu sassa za su bambanta. Abin da nake so a riƙe shi ne jerin aikin. Yawancin motocin da suka mutu a hannun masu su, an kashe musu kuɗi sosai, amma a kan abin da ya kamata ya zo ƙarshe.

1. Tanadi wurin kwananta da kuɗin riƙonta

Riƙon irin wannan mota kiwon doki ne: kuɗin saye sau ɗaya ake biya, harawa kuwa kullum ce. Kafin ka je kallon ko wace mota, ka tabbata kana da gareji mai rufi da ƙofa, daɓensa siminti busasshe, kuma kana da wata motar ta zirga-zirgar yau da kullum. Kamfanonin inshorar tsofaffin motoci irin su Hagerty da Grundy yawanci sai sun tambayi waɗannan biyun kafin su karɓe ka.

Irin inshorar da za ka nema ita ce wadda ku da kamfanin kuka yi yarjejeniya a rubuce kan darajar motar tun farko. Idan ka ɗauki ta gama-gari, ranar da tsautsayi ya faɗa za su yi mata kuɗi a matsayin tsohuwar mota kawai.

Daga kuɗin da ka ware, ka ɓoye kashi ɗaya cikin huɗu, kada dillali ya ji labarinsa. Wannan na gyaran shekarar farko ne, kuma zai tafi. Bakaniken da ya san irin waɗannan motoci a Amurka yakan caji fiye da dala ɗari a awa. Shan mai kuma, babban inji yakan yi mil goma zuwa goma sha biyu da galan ɗaya, wato wajen lita ashirin ko fiye a kilomita ɗari. Tankin galan ashirin ne.

Kayan aiki: kusoshin motar nan da inci aka auna su. Ka sayi sifanu da soket na inci, su 1/2 da 9/16 da 5/8. Mai lamba 13 yana shiga kan kusar 1/2 da ɗan sako-sako, sannu a hankali ya cinye mata kai. Ka haɗa da jak mai ƙarfi, da ƙafafun tokare mota guda huɗu, da tukunyar kashe gobara da za ta zauna cikin motar dindindin.

2. Zaɓi wadda za ka iya riƙewa

Chevelle ta 1970 hawa-hawa ce. Akwai Malibu mai injin 307 ko 350, lambobin girman inji ne a ma'aunin inci. Akwai SS 396 (SS na nufin Super Sport, samfurin gudu), wadda a zahiri injinta 402 ne amma kamfanin ya bar mata tsohon suna, mai ƙarfin doki 350. Akwai SS 454 iri biyu: LS5 mai ƙarfin doki 360, da LS6 mai 450, wadda guda 4,475 kacal aka yi a shekarar. LS6 ta gaskiya mai takardu kuɗinta ya wuce dala dubu ɗari, sau da yawa ya wuce nesa.

Ra'ayina, wanda zai fara, ya nemi Malibu mai 350 mai lafiyayyen bodi. Injin ba ya yawan zafi, kayansa a ko wane shagon kayan mota na Amurka ana samu, kuma ba za ka riƙa jin faɗuwar gaba duk sanda wani ya yi fakin kusa da kai ba. Wanda ya nace sai SS, to ya buɗe ido a nan.

A 1970, SS ƙarin kaya ne da ake ɗorawa a kan Malibu, saboda haka lambar casis ba ta nuna ko mota SS ce. Mai ƙofa biyu da injin V8 lambarta da 13637 take farawa, ko SS ce ko ba ita ba. Abin da lambar za ta iya yi maka shi ne ƙaryata mai ƙarya: in ta fara da 135, motar da inji mai silinda shida ta fito daga masana'anta, duk tambarin da aka manna mata na banza ne. Tambarin SS, da bonet mai tudu, da baƙaƙen zane biyu a kai, duk ana sayar da su sababbi, kowa zai iya ɗaurawa.

Hujja ta gaske uku ce. Takardar haɗa motar ta masana'anta, wadda ma'aikata kan cusa a ƙarƙashin kujerar baya ko a saman tankin mai. Ɗan farantin ƙarfe na garanti da ake kira Protect-O-Plate. Sai lambobin da aka buga a jikin inji, a wani ɗan fili gaban kan silinda na ɓangaren fasinja, inda ƙarshen lambar casis ya kamata ya dace da na motar. Mai Ford daga 1967 zai iya neman rahoton Marti, mai Pontiac kuma akwai PHS, kamfanoni ne da ke fitar da bayanan masana'anta kan yadda aka haɗa motar. Chevrolet da aka haɗa a Amurka ba ta da irin wannan rumbun bayani na shekarar, shi ya sa 'yan damfara suka fi son ta.

Hattara: ana buga lambar inji ta bogi, ana kuma buga takardar masana'anta ta jabu a tsufar da ita da gangan. Idan ana neman kuɗin SS, ka biya masanin Chevelle ya duba. Malibu da aka yi wa kwalliyar SS ba laifi ba ce, muddin kuɗin Malibu ka biya.

3. Duba ƙarfe kafin komai

Kada ka yi cinikin biri a sama. Hotunan gwanjon intanet da na kamfanonin gwanjo irin su Mecum da Barrett-Jackson ƙwararru ne suka ɗauka. Ka je da kanka, ko ka biya mai duba mota dala 'yan ɗaruruwa ya je a madadinka. Ka tafi da tocila, da maganaɗisu naɗe a ƙyalle, da sukundireba, da ɗan madubi.

Inji ana sake shi cikin mako. Tsatsa ita ce ke cin shekaru da dukiya. Fara da tambayar inda motar ta yi rayuwarta. Wadda ta zauna a Michigan ko Ohio ko New York ta sha gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara. Ta Arizona ko Nevada rana ta ƙona mata kujeru da robobi, amma ƙarfenta kalau, kuma wannan ita ce ta saye.

Ka bi wuraren nan ɗaya bayan ɗaya. Buɗe but, ɗaga shimfiɗar, ka haska kusurwoyi da bakin rijiyar taya. Dubi kewayen gilashin baya, nan ruwa yake kwanciya a Chevelle, ya ci ƙarfe ya zuba cikin but. In motar mai rufin roba ce a sama, shafa shi da tafin hannu: duk inda ka ji ƙuraje-ƙuraje a ƙarƙashi, tsatsa ce ta kumbura. Bi ƙasan ƙofofi da bayan tayoyin baya da maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa, bodi fila aka cika aka shafe da fenti. Ɗaga kafet ta wajen ƙafar direba. Daga nan a ɗaga motar sama, ka bi ƙarfen casis tun daga gaba har baya kana ƙwanƙwasawa da gindin sukundireba, musamman inda yake lanƙwasa gaban tayoyin baya da inda bodi ya zauna a kansa. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi. Ruɓaɓɓe kuwa ɗif yake, har ya riƙa zubar da gari.

Hattara: sabon baƙin fenti mai kauri a ƙarƙashin motar da aka sa a kasuwa abin tuhuma ne. Ka tambayi hotunan kafin a fesa shi.

Sai inji. Ka gaya wa mai motar kada ya tayar da ita kafin ka iso, kuma da zuwanka ka taɓa injin ka ji sanyi ne. Injin da ya yi ɗumi yana ɓoye ƙwanƙwasa da hayaƙi. Shuɗin hayaƙi na ɗan lokaci da tashi robar bawul ce, gyara mai sauƙi. Wanda bai ɗauke ba ringi ne. A gwada matsin kowace silinda, bambancinsu kada ya wuce kashi goma cikin ɗari.

Takarda ita ce ta ƙarshe amma ita ke hana barci. Lambar da ke takardar mallaka ta dace da ta farantin da ke kan dashbod harafi da harafi, kuma sunan mai sayarwa ne a kai. Jihohi sun bambanta: New York, alal misali, ba ta ba da takardar mallaka ga motocin 1972 zuwa baya, rajista ce ake miƙawa. Ka tambayi ofishin rajistar motoci na jiharka abin da za su karɓa kafin kuɗi su bar hannunka.

4. Watanni ukun farko: birki, tiyo, waya, taya

Nan ne ake ɓata rawa da tsalle. Mota ta iso, maigida ya fara duba sababbin wili da salansa mai ƙara. Ajiye wannan. Abubuwa huɗu ne ke kashe mutum ko su ƙone mota, su za a fara yi, kuma a wannan jerin.

Birki. SS ta zo da birkin faifai a gaba, Malibu kuwa yawanci diram ne ƙafa huɗu. A sauya tiyon roba guda uku, biyu a gaba ɗaya a baya, ko da a ido suna da kyau, domin ta ciki suke kumbura su riƙe birki. A buɗe diram a dubi ƙananan silindun ko suna tsatsafo. A zubar da tsohon man birki gaba ɗaya a sa sabon DOT 3, sannan a maimaita duk shekara biyu, don yana tsotsar danshi ya ci bututun ƙarfe. Mai diram a gaba, in zai riƙa shiga babban titi, ya mayar da shi faifai. Ana sayar da kayan a haɗe, kuma shi ne canjin da ya fi ko wanne cancanta. Wanda motarsa ta girmi 1967 ya duba tukunyar man birkinsa: in mai ɗaki ɗaya ce, bututu ɗaya ya fashe birki duka ya tafi. A sa mai ɗaki biyu.

Hattara: DOT 5 na silikon ne, ba ya haɗuwa da DOT 3. Ka tambayi tsohon mai motar wanne ke ciki.

Tiyon fetur. Yawancin fetur a Amurka yanzu yana da kashi goma na etanol, wanda ke cin tsohuwar roba. A sauya duk guntun tiyo, na bakin tanki da na famfon mai, da wanda aka rubuta wa J30R9. In ka ga matatar mai ta gilashi rataye kusa da inji, cire ta yau. Motoci da yawa sun ƙone ta dalilinta. Kafiretar Quadrajet tana da matatarta a cikin babbar kusar da bututun mai ke shiga. Da sifana biyu ake kwance ta, ɗaya ya riƙe babbar, ɗaya ya juya ta bututun. Wajen mayarwa ka fara ɗaurawa da yatsu har ta zauna, domin zaren jikin kafiretar mai laushi ne. In ya goce, fetur zai riƙa ɗiga a kan inji mai zafi.

Wayoyi. Leƙa ƙarƙashin dashbod da tocila. Shekara hamsin da 'yan kai na masu ɗaura rediyo da fitilu sun bar tarihinsu a nan: wayoyi murɗe da hannu, salatif ya bushe yana warwarewa. In ɓarnar ta yi yawa, sabon wayarin na motar gaba ɗaya daga kamfani irin American Autowire ya fi faci. Ko ma yaya, sa makunnin yanke batir, ka kashe shi duk dare.

Taya. A gefen kowace akwai lambar DOT, lambobi huɗun ƙarshe mako ne da shekara: 2316 na nufin mako na 23 a 2016. In lambobi uku ne, tayar ta girmi shekarar 2000. Tsofaffin motoci ba sa cinye zanen taya, tsufa ke kashe ta tana nan kamar sabuwa. Wadda ta kusa shekara goma a zubar. Tayar da ta fashe a guje tana yaga bodin baya, wanda gyaransa ya ninka kuɗin tayoyi huɗu.

5. Baƙin mai da fetur

Injunan wancan zamani tafet ɗinsu, wato ɗan ƙarfen da kamshaf ke turawa ya buɗe bawul, shafaffe ne, yana gogar kamshaf kai tsaye ba tare da ɗan rola mai juyawa ba. Abin da ke hana su cin juna sinadarin zinc ne da fosfaras a cikin baƙin mai, wanda ake kira ZDDP. Man motocin zamani an rage masa wannan sinadari saboda yana lalata matatar hayaƙi. Ka nemi man da aka yi don tsofaffin injuna, mai zinc wajen 1,200 ppm, irin Valvoline VR1 ko makamancinsa. 10W-30 ya ishi lafiyayyen inji, 20W-50 kuma na wanda ya tsufa ko yake ƙasar zafi. Kwat biyar, wajen lita 4.7, yake ci har da filta. A sauya duk mil 3,000, ko sau ɗaya a shekara ko da motar ba ta je ko'ina ba.

Alamar kamshaf ya fara cinyewa ita ce ƙaf-ƙaf a saman inji da ba ta ɗaukewa, da tari ta bakin kafireta. In ka ji haka, kashe injin. Garin ƙarfen yana bin mai ya shiga ko'ina.

Fetur kuwa, SS 396 matsinta 10.25 ne, LS6 kuma 11.25, an yi su ne don fetur mai dalma na wancan lokaci, wanda aka haramta wa motocin titi a Amurka tun 1996. Ka sha mata mafi ƙarfin da ke gidan mai, 91 ko 93. In kana jin ƙarar kamar tsakuwa a gwangwani lokacin da ka taka totur a hawa, wutar ta yi gaba da yawa ga wannan fetur. A ja ta baya digiri biyu a sake gwadawa. Ƙyale wannan ƙara yana huda fistin. Inda ake samun fetur marar etanol, shi ya fi, musamman tankin ƙarshe kafin ajiya.

Maganar mazaunin bawul da rashin dalma ke ci, an fi zuzuta ta. Motar yawon ƙarshen mako za ta yi shekaru ba matsala. Ranar da aka sauke kan silinda don wani dalili, sai a sa masu tauri a wuce wurin.

6. Zafi

Babban inji a cunkoso da rana tsaka shi ne gwajin gaskiya. Lagireto a wanke ko a sake, ruwan sanyaya inji a sauya duk shekara biyu, murfin lagireto sabo. Robar da ke kewaye fanka, wadda wasu ke cirewa su jefar, ita ke tilasta iska ta bi ta cikin lagireto in mota na tsaye. In babu, a saya. Kulocin fanka kuma, in inji ya yi zafi aka kashe, ka juya fankar da hannu ta yi ta walawala, ya mutu.

Hattara da al'adar garejinmu ta gida ta cire tamostat a ce ai ƙasar zafi ce. Injin da bai kai zafinsa ba yana tara danshi da fetur a cikin baƙin mai, ya ci silinda. A sa mai buɗewa a digiri 180 na ma'aunin Amurka, wato wajen 82 a namu.

In motar na ƙin tashi bayan an kashe ta da zafi minti goma, fetur ne ke tafasa a kafireta. Ɗan faranti mai hana zafi a ƙarƙashinta, da nisanta bututun mai daga salansa, yawanci sun wadatar.

7. Saitin wuta, sannan kafireta

Kowa kafireta yake zargi. Mota ta yi tari, sai a kama sukurorinta a yi ta murɗawa, alhali sau da yawa laifin na wuta ne. Jerin shi ne fulogi da wayoyinsu, sai kwantak, sai lokacin wuta, kafireta a ƙarshe.

Distributar Chevrolet ta wancan zamani tana da wata 'yar taga ta ƙarfe a gefen murfinta. Inji na aiki, ka ɗaga tagar da yatsa, ka zura makullin alan na 1/8, ka riƙa juyawa a hankali kana kallon na'urar auna buɗewar kwantak har allurar ta tsaya a digiri 30. Kana juyawa kana jin muryar injin tana daidaita. Sai bayan wannan ake haska fitilar saitin wuta, domin taɓa kwantak yana gusar da lokacin wuta. Wanda ya juya jerin zai yi aiki biyu. In ka gaji da kwantak, akwai na'urar PerTronix da ke zama a gurbinsa cikin murfin, ba mai gani daga waje. Amma ka ajiye tsohon kwantak da kwandansa a aljihun mota, ranar da na'urar ta mutu a hanya su za su kai ka gida.

Kafireta kuma da ma'aunin zuƙar iska ake saita ta, ana juya sukurori biyun daidai da juna har allura ta kai ƙololuwa. Quadrajet ta yi baƙin suna a bakin waɗanda ba su iya ta ba, amma in ta samu gwani ta fi kafiretar Holley tattalin mai da ladabi a titi. Kada ka yarda a jefar da taka. In motar ta kwana uku sai an daɗe ana kiki kafin ta tashi, fetur ɗin cikinta ne ya tsiyaye ko ya bushe, gyaran gwani ne na rana ɗaya.

Abu guda da ba a gani daga waje: yawancin injunan Chevrolet na lokacin haƙoran giyar sarƙar kamshaf ɗinsu na roba ne. In ba ka da shaidar an taɓa sauya ta, a sa ta ƙarfe. Guntayen robar kan faɗa kaskon mai su toshe bakin famfo, saboda haka a sauke kaskon a wanke.

8. Tuƙa ta, kuma ka iya ajiye ta

Zama ke kashe su. Robobi su bushe, birki ya kama, fetur ya yi tsami, ɓeraye su tare. Aƙalla sau biyu a wata ka fitar da ita tafiyar rabin awa, har mai ya yi zafi sosai, ka taka birki da kyau, giya ta shiga kowane hawa. Tayar da ita minti biyar a gareji a kashe ya fi barinta illa, ruwa kawai kake tara mata a salansa da kaskon mai.

Ka tuna kuma mota ce ta 1970: ba jakar iska, ba birkin da ke hana taya kullewa, bayanta ba nauyi, ƙarfi kuma ya yi mata yawa. A jiƙaƙƙen titi ɗan totur kaɗan zai juya maka ita.

Mazauna jihohin ƙanƙara, da an fara zuba gishiri a rufe ta. Sauya baƙin mai kafin ajiya, kada a bari sai bayanta. Cika tanki, zuba maganin hana fetur lalacewa irin Sta-Bil, ka yi 'yar tafiya ya kai kafireta. Ƙara wa tayoyi iska. Haɗa batir da ƙaramar caja mai kula da shi. Toshe bakin salansa da na shan iska da soson ƙarfe saboda ɓera, ka rubuta takarda ka ajiye a kan sitiyari don kada ka manta. Kada ka ja birkin hannu, zai manne, a sa wa taya waigi. Mayafin ya zama na yadi mai shan iska. Leda ko tamfol gumi suke tarawa.

9. Fenti da babban gyara

Sai ka yi shekara guda cur kana tuƙa ta kafin ka yanke shawarar babban aiki. A lokacin ka san halinta, ka kuma san ko son gaske kake mata.

Babban kuskure shi ne wargaza mota gaba ɗaya da niyyar mayar da ita sabuwa. Kwancewa mako biyu ne, ba ta cin ko sisi, shi ya sa take da daɗi. Haɗawa shekaru ce. Shafukan talla cike suke da motoci a kwali-kwali da masu su suka gaji. Ka riƙa ɗaukar aiki ɗaya a kowace hunturu, wanda zai ƙare motar ta koma titi: bana ƙafafun gaba da shokazoba, baɗi kujeru, wata shekara giya.

In lokacin fenti ya zo, walda ce gaba. A yanke ruɓaɓɓen ƙarfe a sa sabo, kamfanoni irin su AMD da OPGI suna sayar da kusan kowane ɓangaren bodin Chevelle. Fenti mai kyau a Amurka daga dala dubu goma yake farawa, ya hau. Ku rubuta yarjejeniya da mai garejin, biya kashi-kashi bisa aikin da ka gani da idonka. Kada ka ba da rabin kuɗi a tashin farko, motar da aka gama biyan kuɗinta ita ake turawa lungu.

Duk abin da ka cire na asali, kafireta ko distributa ko wili ko diram, a sa a kwali a rubuta suna a ajiye. Suna ɗauke da lambobi da kwanan watan ƙira, kuma mai saye na gaba zai biya don su. Rasit da hotuna su ma a fayil ɗaya.

10. Mai son kawo ta gida

Kafin ka nemi kuɗin jirgin ruwa, fara da Kwastam. Jerin kayan da aka hana shigowa da su Najeriya ya haɗa da motocin hannu da suka wuce wasu shekaru da ƙira, an daɗe a kan shekara 15 kafin a rage zuwa 12. Motar 1970 ta faɗa ciki tsundum. Kada ka dogara da "za mu san yadda za a yi" ta wani ejan a tashar Tin Can ko Apapa. In babu izini a rubuce daga hukuma, bar ta a Amurka. A can ma, sai an gabatar wa kwastam ɗinsu takardar mallaka awa 72 kafin a loda. A kwantena ake sa irin wannan mota, ba a jirgin da ma'aikatan tasha ke tuƙa motoci ciki da waje ba.

In an samu izinin, sitiyarinta a hagu yake, daidai da titinmu. Saura fetur da ƙura. Lambar 93 ta famfon Amurka ta kai wajen 98 a ma'aunin da ake amfani da shi a gida, saboda haka injin mai babban matsi sai an ja masa wuta baya sosai, ko a rage matsin tun a can. Wannan ma wani dalili ne na fifita 350. Filtar iska ta zama ta takarda a cikin rufaffen gidanta, a duba ta duk wata lokacin hunturu. A cikin kwantenar ka haɗo famfon mai, da famfon ruwa, da kayan gyaran kafireta, da murfin distributa, da fanbel, da tiyon lagireto sama da ƙasa, da filtar mai ta shekara uku, da katan biyu na baƙin mai mai zinc, da littafin gyara na kamfanin na 1970. Sifanun inci kuma saiti biyu, ɗaya naka, ɗaya na bakaniken da zai riƙa taɓa ta.